Hular Maman Kwalbar Ƙarshe

Yaya,

"Maman kwalbar ƙarshe, yau ma babu?" Da haka babbar nas ta tare ni da safe, tana nuna katin da ke manne a gilashin kwalbar jaririyata, inda gurbin suna yake fari fes. Na ce yau ma babu. Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da bai yi aikinsa ba, ta wuce.

Af, ban ko gaishe ki ba. Ina gajiya, ya shago, ya yara, ya ƙafar Inna? Ba a barinmu da waya a ɗakin bakwaini, shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Direban da ke kawo miki yadi zai riƙa miƙa miki.

'Yar taku tana nan cikin kwalbarta. Tsawonta bai fi takalmin babanta Injiniya ba, kuma shi ya auna da ido ya faɗa, sannan ya fita baranda ya yi kuka. Amma fa tana da rai. Robar abincin da aka zura mata ta hanci, da hannunta take fizge ta, nas su mayar, ta sake fizgewa. Babbar nas ta ce ba ta taɓa ganin mara lafiya mai raina ma'aikata haka ba. Na ce gado ne, ta wajen yayata.

Mu huɗu ne iyaye a ɗakin, kowa da harshenta. Tsarinmu shi ne in ɗaya ta tafi tatsar nono ko wanka, sauran su sa ido a kan kwalbarta. Sun ce ba a tsaron yaro ba a kira shi, don haka kowacce ta laƙa wa tawa suna da yarenta. Kin san sunaye ne abin da nake koyarwa a jami'a, sai ga aikin ya biyo ni har gadon asibiti. Mai gyaran gashi tana kiranta da kalmar da ke nufin "Ba Kowa Ba", wai in mutuwa ta leƙo ta tambaya wa ke nan, a ce mata ba kowa, ta wuce. Matar ɗan sanda tana ce mata "Zauna da Mu". Mai kifi, wadda ɗanta ke kwalbar kusa da tamu, cewa take "Ƙaramin Kifi", wannan kam ba al'ada ba ce, sana'a ce.

Na rubuta littafi guda a kan irin waɗannan. Akwai masu sa wa yaro "Ruwan Farko", akwai masu sa "An Sayar" don ciwo ya ɗauka ba na gidan ba ne. Duk duniya iyaye roƙo suke yi, kowa da salon wayonsa.

Abin da nake so: kanta yana sanyi, hulunan asibiti kuma sun yi mata yawa. Ki ɗinka mata ƙarama, kamar ta rufe lemo. Ba sai kin sa suna ba.

Ki gaida Inna da kyau.
Ƙanwarki.

*

Dokta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, bakinta ne dai babu sauƙi. Kullum sai ta tambaye ni sunan jikarta, in ce ana bincike. Ta ce wace irin yarinya ce sai an yi bincike, ɓata ta yi?

Hula na yanka, na haɗa, na yi mata shafi da auduga mai laushi. Tana kan keke. Amma kin san ni. Tunda na buɗe shagon nan hular jariri ba ta taɓa fita ƙofata babu suna a goshinta ba. Matar alƙali ma ta jira, balle ke da na goya.

Kin cika mini takarda da Ba Kowa da An Sayar. Ni ba ɗalibarki ba ce, kuma na iya karanta abin da ba a rubuta ba. Wancan karon tun ciki bai fito ba kika aiko mini da suna mai tsawo daga can wata duniya, har da yadda ake furta shi, na ɗinka da zaren zinare. Yaron bai sa hular ba. Tana cikin akwatina, ban warware ba, ba kuma zan warware ba, don ya zo duniya kuma sunansa ne.

Ba sunan ne ya ɗauke shi ba, 'yar uwa. Ke kika yi karatun, kin fi ni sani. Yanzu kin bar yarinya matan kasuwa suna mata suna kamar 'yar tsintuwa, ke kina gefe kina ba su maki. Yarinyar da ke fizge roba da hannunta ba ta cancanci a kira ta da kwalba ba.

Ki ci abinci. Ki gaida Injiniya, ki ce ya daina kuka a baranda, mutane na gani.
Yayarki.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki, na ninke ta, na yi niyyar kada in amsa. Kin ga dai yadda niyyar ta ƙare.

Kwanakin da kika ji ni shiru, zazzaɓi ne ya kama ta. Suka ƙara mata wayoyi har ba ka ganin yarinyar sai kayan aiki. Likita ya yi mini magana da irin muryar da suke koya a makaranta, mai taushi, wadda ba ta ce komai ba. Na tsaya gaban gilashin ina so in ce mata ta daure, sai na ga ba ni da abin da zan fara da shi. "Ke" na ce. Ni da na san sunaye fiye da mai rajistar haihuwa, "ke" na ce wa 'yata. Matan nan uku kuwa suka kewaye kwalbar, kowacce na kiran nata sunan, ɗakin ya zama kamar tasha. Babbar nas ta zo korarsu, ta tsaya, ta fasa.

Zazzaɓin ya sauka. Alamar farko da muka gani, ta fizge robar. Injiniya ya tafi baranda, amma na isar masa da saƙonki, ya juya wa mutane baya.

Jiya aka sallami mai kifi da ɗanta. Tana ɗaure kaya ta ce, "Malama, zo in ba ki wani abu, kada ki ce na raina ki."

Na ce, "In kifi ne, ba a shigowa da shi nan."

Ta ce, "Suna ne. Da naƙuda ta kama ni kafin lokaci, na tanadi sunan 'ya mace, sai ga wannan ƙaton." Ƙaton nata, Yaya, bai kai kwalbar man gashi ba. "Sabo ne dal, ba wanda ya taɓa sawa. In na koma da shi gida zai lalace."

Ta faɗa mini. Na san kalmar, tana cikin littafina, layi ɗaya na ba ta a ƙasan shafi. A wajensu ana sa wa 'yar da ta riga lokacinta, ma'anarsa "Ba Ta Jira Kira Ba".

Na ce, "Ba ki tsoron a ji a sama, a ce to ta koma ta jira?"

Ta yi dariya har nas ta leƙo. "Wa zai mayar da wannan? Ke kin iya mayar mata da roba ma? Sauran sunayen na masu lallashi ne. Taki ba lallashi take so ba, a matsa mata hanya take so."

Ta goya ɗanta ta fita. Tun jiya sunan yana bakina, ban furta shi ba. Kada ki yi mini wa'azi, na san abin da za ki ce. Ki dai sani kanta har yanzu yana sanyi, kuma wannan laifin shagonki ne.

Ki gaida Inna, ki ce binciken ya yi nisa.
Ƙanwarki.

*

Dokta,

Mun gode Allah da saukar zazzaɓi. Inna ta yi ta addu'a har muryarta ta dushe, muka ɗan huta.

Ga hula nan. Kafin ki yi murna, ban karya ƙa'idata ba. Duba goshinta, za ki ga allura a soke da jan zare a ciki. Aikin da allura ke jikinsa bai fita shago ba, aro na ba ki. Kuma ba a sa wa jariri hula da allura, ko ke kin san wannan. In kina so ta ji ɗumi, ki ɗinka abin da za ki ɗinka, ki ƙulla ta ciki, ki cire allurar.

Na san ɗinkinki. Tun kina makaranta maɓalli ma gudunki yake yi. Ki yi a hankali, ba jarrabawa ba ce.

Mai kifin nan, in kin sake ganinta, ki ce tana da riga kyauta a wajena.
Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, a tsaye nake rubutu, an sallame mu, Injiniya ya tafi kawo mota.

Na ɗinka. Na soke yatsa, harafin farko ya fi sauran girma, na ƙarshe ya gangara kamar zai sauka daga hular. Da na sa mata, babbar nas ta sunkuya ta karanta, ta tambayi ma'anarsa. Na faɗa mata. Ta ce, "Wannan kam ita ce." Ta zaro alƙalami ta cike katin, ta ce in furta da ƙarfi ta ji ko ta rubuta daidai. Na furta. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, kamar mai cewa sai yanzu?

Yau an cire robar gaba ɗaya, wannan karon da izinin likita. Mai gyaran gashi ta ce ita dai Ba Kowa za ta ci gaba da ce mata. Na ce ta makara, yanzu wata ce.

Ba zan rubuta miki sunan a nan ba. Ki karanta a goshinta in mun iso, in kin iya karanta ɗinkina. Kada kuma ki kuskura ki warware ki gyara. Ki shirya Inna, na san za ta gutsure shi ta mayar da shi yadda bakinta ke so.

Ga nas ta riƙe mini ƙofa da ƙafa tana cewa in yi sauri, iska na shigar wa sauran. Ita za ta ba direba wannan in ta rufe. Allurarki tana jakata.

Mun taho.
Ƙanwarki, da 'yarta.