Alewa Uku a Aljihun Baba

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Ki yi haƙuri da ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Na san rabonki da gidanmu shekara huɗu, tun rasuwar Kaka, kuma na san ba a ambatonki a gaban Baba, ko da yake ba a taɓa gaya mini dalili ba. Ni ce babbar 'yarsa, wadda kike ce wa Shiru-shiru. Yanzu ina aji biyar a sakandare. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Goggo, mako uku da suka wuce aka gano Baba yana da ciwon suga, irin na manya. Ya daɗe yana yawan shan ruwa da yawan zagayawa, ga rama. Da ya dawo daga asibiti ya ajiye takardu a kan tebur ya ce in karanta wa Mama. Da na gama sai ya ce, "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. In ta kai kamfani, sun karɓe makulli." Kin san shekararsa goma sha tara yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan kamfanin robobi, safe da yamma. Ba shi da wata sana'a, kuma ban taɓa ganin abin da yake ji da shi kamar motar nan ba.

Mama tana fita aikin shara a ofis tun ƙarfe shida, don haka ni ke haɗa masa karin kumallo da kular rana. Na duba littafinmu na kimiyya, na ga shinkafa da burodi da taliya da dankali duk suga suke komawa a jiki. Sai na cire su gaba ɗaya. Da safe ina ba shi shayi ba suga da ƙwai ɗaya, da rana kabeji da karas da ɗan kifi. Yana shan ƙwayarsa kullum a gabana. Ba ya ƙorafi. Amma da, in ya dawo aiki, yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi hon da baki sai mun ce a shigo. Ya daina.

Mama ta ce kin shekara goma sha biyu da ciwon nan. Tunda an hana mu faɗa wa kowa, ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Don Allah me kike ci? Iyayen malamar lissafinmu a layinku suke, duk Asabar tana zuwa ta dawo Litinin. Ita za ta kawo miki wannan, ba ta san abin da ke ciki ba.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Shiru-shiru

Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Ashe kina da baki! Ni da na ɗauka sai dai a ba ni labarin muryarki.

To, abin ya zagayo kan ubanki. Allah ya ba shi lafiya. Ban yi mamaki ba, a jininmu yake: Kakarki, ni, yanzu shi. Amma ba zan ɓoye miki ba, na daɗe a zaune da takardarki a cinya.

Ke kuma Likita, wa ya ce miki ubanki akuya ne? Ƙaton mutum mai juya sitiyarin bas, ki ɗura masa ganye ki ce ya je ya wuni? Ba hana ci ake yi ba, ragewa ake. Ki dubi farantinsa. Rabi ganye. Rabin abin da ya rage kifi ko wake ko nama. Sauran shinkafa ko taliya, daidai dunƙulen hannunsa. Nasa na ce, ba naki ba. Lemon kwalba da sugan shayi su ne za a sallama. Mai kaɗan, gishiri kaɗan. Kada ya sha ƙwaya ya tsallake abinci. Sannan ki sa masa alewa uku a aljihun riga kullum. Ni ko'ina ina da su, jaka, aljihu, ƙarƙashin filo, har jikokina sun ɗauka shago na buɗe ban gaya musu ba.

A asibitin da nake zuwa muna da taro duk Laraba, mu masu suga. Nas ta auna mu, ta duba ƙafafunmu, mu kuma mu yi ta gulmar 'ya'yanmu masu ɓoye mana gwangwanin madara. Na tabbata naku ma akwai irinsa. Ya je. Na san ba zai je ba, wannan tun yana yaro in ya faɗi ƙasa sai ya ce da ma zama ya yi niyya. Ki dai faɗa masa, amma kada ki ce daga ni ne.

Ki gaida mamanki.
Goggonki

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya ƙwarai da kika amsa. Sau biyar na karanta takardarki. Da na zo wurin alewa na yi dariya har ƙanwata ta tambaye ni ko lafiya. Mama ta ce da ma haka kike da barkwanci.

Na gwada dunƙulen hannu ranar Litinin da Talata, a kular rana. Ranar Talata ya dawo da yamma yana gumi, hannunsa na rawa, har ya kasa kwance igiyar takalmi. Na tambaye shi me ya faru, ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Sai da ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa sannan ya ware. Na tsorata, na ce shinkafar ce ta tayar da sugan. Ki gafarce ni, na sake cire ta. Ina ganin ke jikinki ya saba, shi kuma sabon shiga ne. Abin da ke kwantar mini da hankali, kullum kular tana dawowa wayam, kamar an wanke.

Na yi masa maganar taron. Akwai shi a asibitinmu, Alhamis da ƙarfe goma. Ya ce, "Ƙarfe goma ina gareji. In ce wa manaja ina za ni? Taron masu me?"

Mama ta ce, "Ka ce haƙori."

Ya ce, "Haƙori duk mako? Guda nawa gare ni?"

Mu muka yi dariya, shi bai yi ba. Wandunansa duk sun yi masa yawa. Jiya na ƙara masa huda a bel da ƙusa.

A gaida mutanen gida.
'Yarki

Shiru-shiru,

Yau ba doguwar gaisuwa. Alewar ba wasa ba ce! Gumin nan da rawar hannu ba hawan suga ba ne, faɗuwa ce. Ƙwaya ta ja shi ƙasa, ciki ba komai. Yana iya sumewa a kan sitiyari. Yau ɗin nan ki mayar da shinkafa, ki sa alewa, ya koma wurin likita ya faɗi abin da ya faru. Laifina ne da na haɗa maganar da raha.

Goggonki

Goggo,

Ina gaishe ki. Takardarki ta iso ranar Litinin. Abin ya faru ranar Asabar, wataƙila daidai lokacin da kike karanta tawa.

Ya ɗauko ma'aikata talatin da biyu da ƙarfe huɗu. Kafin shataletale sai ya ga hanya ta rabu biyu a idonsa. Allah ya taimaka ya rage gudu ya yi gefe. Bas ta gogi katangar wani shago, madubi ya fashe. Ba wanda ya ji rauni. Wata mata a kujerar gaba, mijinta mai suga ne, ita ta gane. Ta ciro lemon kwalba daga jakarta ta ba shi kafin ya fita hayyacinsa. Lemon da na hana shi, shi ya dawo da shi.

A asibiti nas ta tambayi abin da yake ci. Na lissafa mata. Ta ce, "Wa ya tsara wannan?" Na ce ni. Ta ce, "Aji nawa kike?" Na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai rubuta. Sannan ta ce wa Baba, "Da rana kana cinyewa?" Ya juya fuskarsa bango.

Mai gadin kamfaninsu ya zo dubiya, yana tsaye a bakin gado. Shi ya ce, "Ai ni nake ci, 'yata. Direbobi ne suka sa shi gaba. In ya buɗe kula sai su ce, Zomo ya sauka gona. Wani ya ce, Direba, ko ciwo kake ɓoye mana? Daga nan ya riƙa miƙo mini ta taga, ya ce ya ƙoshi. Girkinki da daɗi, gishiri ne dai babu."

Manaja ya karɓi makulli. Ya ce likitan kamfani zai duba shi nan da mako biyu, sannan a san abin yi.

An sallamo shi. Yana zaune a kujerar bakin taga. Ƙarfe shida da rabi bas ɗin tana wucewa ta babban titi, ba a hango ta daga gidanmu, amma ya san ƙarar injinta. In ta wuce sai ya ce, "Yaron nan da suka ba motar yana ƙona mata kuloci." Shi ke nan maganarsa ta wuni. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Mama ke girki yanzu kafin ta fita. Ni ba na iya taɓa tukunya.

Goggo, kin gaya mini gaskiya na yi dariya. Ni na karɓe masa makullin nan.

'Yarki

'Yata,

Na gaishe ki. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba.

Ki buɗe kunne. A watanninta na ƙarshe Kakarki kullum tana roƙon lemo. Ni ina hanawa, ubanki yana kawo mata a ɓoye cikin aljihu, don ba ya iya ganin tana roƙo. Ranar da ta rasu, a barandar asibiti, gaban mutane, na ce masa shi ya kashe ta. Likita ya riga ya gaya mini ƙodarta ta yi shekaru da lalacewa, kwalba biyu ko uku ba su ne ba. Na sani lokacin da nake faɗa. Ban janye ba har yau. Dalilin da ba a gaya miki ba ke nan.

Saboda haka kada ki faɗa wa kanki irin abin da na faɗa masa. Kin yi kuskure. Shi ya ɓoye, ni na yi surutu, abokan aikinsa sun yi ba'a. Kowa ya sa hannu. Ki koma kicin. Mamanki ba za ta iya da shara da tukunya ba, kuma yanzu kin fi kowa a gidan sanin farantinsa.

Wani abu kuma. Rubutun nan ba nawa ba ne, tun na farko. Maƙwabciyata ke karanta mini naki, ta rubuta nawa. Idon hagu ya tafi bara, na dama yana bin sa a hankali. Ni ma da farko shekara uku na yi ina ɓoyewa, ina cewa gajiya ce.

Yanzu da asiri ya tonu, ba shi da hujjar ƙin taron Alhamis. Ya riƙa rubuta awonsa a littafi ya kai wa likitan kamfani. A taronmu akwai direban tasi, shekara takwas yana tuƙi da ciwon nan. Ban ce za su mayar masa da makulli ba. Na dai ce ana yi.

Ga ƙaramar takarda a ninke. Tasa ce. Kada ki buɗe, Likita.

Goggonki

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maƙwabciyarki da wahala.

Ba su mayar masa ba. Likitan kamfani ya ce wata shida ba tuƙi, in awo ya daidaita a sake dubawa. Manaja bai yi alkawari ba. Sun sa shi a gareji yana duba iskar taya da man inji kafin motoci su fita. Da safe a bas ɗinsa yake tafiya, a kujerar baya. Mai gadi ya ce in sabon direba zai canja giya, Baba rufe ido yake.

Ya je taro sau biyu. A bakin ƙofa yake zama, bai ce komai ba tukuna. Na koma girki.

Na ba shi ƙaramar takardarki. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya fita. Kwana uku bai tayar da maganar ba. Jiya ina zuba masa abinci sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Idon nata, duka biyun ne?" Na ce ɗaya ya tafi, ɗaya yana nan. Ya ce, "To." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Bai ba ni amsa in kawo miki ba. Bai kuma ce in daina ba. Na san kowace takarda tawa sai kin nemi mai karanta miki, kuma wata shida da nisa. In ba zan takura muku ba, don Allah ki ba ni izini in sake rubutowa.

'Yarki, Shiru-shiru