Kwaɗon Dogo

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ta kira ni ofishinta. Ƙorafi ne kuma daga kamfanin motocin da ke amfani da manhajarmu. Akawunsu ya buɗe jadawalin direbobi ya tafi cin abinci, shafin ya kulle, sauran suka zauna suna kallon hoton kwaɗo, motoci na tsaye. Ta ce, "Malam, mutanen nan sun gaji. Ko su iya rubutu tare a shafi ɗaya kafin ƙarshen wata, ko su bar mu." Ba mu za mu gina ba, haya za mu ɗauka a wurin kamfanonin da wannan ce sana'arsu. Ni zan zaɓa. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 5 ga Maris

Kwaɗon na ainihi yana nan a kan teburina, duk tsatsa, ba makulli. Lokacin da muke ɗakin nan na saman shagon mai gyaran fanka, shi ne dokarmu: wanda kwaɗo ke gabansa shi kaɗai zai taɓa aiki. Abokin aikina Dogo ne ya tsinto shi a bakin matakala. In yana so sai ya miƙo hannu bai ko waiwayo ba, "Ba ni mulki." In jefa masa. Sau ɗaya ya faɗa cikin kofin shayinsa, ya tsamo shi ya shanye shayin.

Da muka zo gina manhajar, dokar nan muka kwafa muka zuba a ciki, har da hoton. Ba a taɓa goge wa wani aikinsa ba. Wannan dai a faɗa.

Dogo ya daɗe da ƙaura da iyalinsa. Shagon fankar ma yanzu wayoyi ake sayarwa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na tace kamfanonin sun rage uku. Na farko ɗan aike ne kawai, ya kai saƙo ya dawo, in mutum biyu suka taɓa layi ɗaya kai za ka raba gardama. Na biyu shi ke ajiye shafin a wurinsu, ya haɗa rubutun kowa da kansa. Abin da ke damuna, in wata rana muka ɓata, za su ba mu kayanmu? Sun ce ana iya kwashewa. Sai na gwada na gani.

Na uku na karanta bayaninsa har kaina ya yi zafi. A sakandare na tsaya, a rana irin ta yau nake tunawa.

Talata, 11 ga Maris

Duka ukun ban ga inda ake kulle shafi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tambayi masu na biyun yadda zan kulle shafi in mutum ya shiga. Wata ta amsa cikin ladabi, wai ana iya yi, amma me ya sa nake so? Na rubuta amsa na goge, na sake na goge.

Na ba Maman yara labari tana ninke kaya. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "An aike ka buɗe ƙofa, kai kana can kana taya kwaɗo." Na ce ba ta gane aikin ba ne. Ta ce haka ne.

Asabar, 22 ga Maris

Gwaji na bukatar mutum na nesa, shi ya sa na kira Dogo. Dalilin ke nan. Ya ce, "Tsoho, har yanzu kana raye?" Na tura masa shafin gwaji na kamfani na biyun.

Ina zaune sai ga ɗan ɗigo kore yana yawo a jadawalin, da sunansa a kai. Yadda yake tafiya ma irin tasa ce, ya yi gaba ya dawo. Ya rubuta a layin farko: Ba ni mulki. Na rubuta a ƙasa: Babu. Muka yi ta cusa direbobin ƙarya a layi ɗaya don mu rikita shi, bai rikice ba. Na cire wayar intanet, na ci gaba da rubutu, na mayar. Nawa ya shiga, nasa na nan. Na kwashe komai na sauke a kwamfutata, ya sauka daidai.

Na ce masa ina jin kamar rushe ɗakinmu zan yi. Ya yi dariya har da tari. "Ɗakin da ke yoyo? Don ba mu iya wannan ba muka yi kwaɗo, ka manta?"

Na manta ɗin.

Litinin, 24 ga Maris

Na gaya wa Manaja na biyun na zaɓa. Ta ce na tabbata? Na ce a'a, amma na gwada.

Litinin, 31 ga Maris

Mutanen kamfanin motocin sun fara aiki da shi. Akawunsu ya tafi cin abinci, ba wanda ya sani. Na cire hoton kwaɗon daga manhajar, abin bai ɗauki komai ba, har na ji haushin sauƙinsa. Na ƙarfen yana danne min takardu saboda fanka.

Shafin gwajin ya kamata in rufe shi. Na bar shi a buɗe a gefe, ba don komai ba. Ɗazu da la'asar koren ɗigon nan na Dogo ya leƙo.