Facalata ta ɗaga sosona a gaban 'yan suna

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, don abin da zuciyata take raya min ni kaina ya fara ba ni tsoro.

Ni 'yar Ajingi ce, aure ya kawo ni Gaya shekara shida ke nan, gidan yawa ne, tsakar gidanmu ɗaya da matar wan mijina, Yaya Asabe muke ce mata. Awara nake yi a gida, da ita nake rufa wa kaina asiri. Duk wanda ya zauna da ni ya san yadda nake da soson wanke-wanke, in na gama sai na wanke shi da sabulu, na matse, na rataye a igiya rana ta buge shi, duk Juma'a kuma na tafasa shi da gishiri da lemon tsami, ya fara laushi na yar. Haka na taso na ga innarmu tana yi.

Watan jiya ƙanwar maigidana ta haihu a gida. Ranar ƙauri Yaya Asabe ta ari sosona ta wanke tukunyar ƙafar saniya, ba ta dawo da shi ba, na tambaya ta ce ba ta san inda ya shiga ba, na ɗauko sabo. Ashe cikin ruwan maiƙo ta bar shi ta kife baho a kai, kwana uku. Ranar suna gida ya cika, mata suna cin shinkafar da na dafa, sai ga ta ta ɗago shi da yatsa biyu tana toshe hanci, wari har inda nake. Ta nuna ni ta ce, "Wannan ba na Maman Husna ba ne? To ku gani, da shi ake wanke muku kwanon awara."

Aka yi dariya, wasu suka ture faranti. Na buɗe baki kuka ya riga magana. Surukarmu ta ce wasa ne irin na facaloli, maigida ya ce na yi haƙuri babba ce. Ita kuwa ko a jikinta, har yau ba ta ce min yi haƙuri ba. Tun ranar maƙwabta suka daina aikowa, waken da nake jiƙa kwano biyu yanzu rabi ma sai ya yi kwantai, har gidan biki na ji ana nuna ni wai ga mai soso.

Daga nan na sa mata ido. Wallahi da idona na ga ta wanke fo ɗin kashin jikanta da soso, ta ɗauraye, ta jefa soson cikin kwanukan abinci. Washegari ta sake, na ɗauke ta bidiyo ta taga, fuskarta ta fito tar.

To Asabar ɗin nan ne bikin 'yarta Zulai, dangin ango za su zo daga Balan, kuma ita ce kan tukunya. Niyyata sai an zuba abinci kowa ya kai loma, na tura bidiyon guruf ɗin dangi, ta ji abin da na ji a gaban surukanta. Na tsara komai, ko data na saya na ajiye.

Jiya da hantsi Zulai ta shigo ɗakina ta durƙusa, ta ce ni take so na yi mata kitson biki, kuma na kasance cikin masu kai ta ɗaki. Ta ce ranar ƙauri ta ga lokacin da uwarta ta kife bahon, tsoro ya hana ta magana, na yafe mata. Na ce ta tashi ba komai, amma tana fita na sake kunna bidiyon, kuma ban ji zan iya goge shi ba.

Na san in na tura, da wannan gorin yarinyar za ta shiga gidan miji. In na yi shiru kuma uwarta ta ci bulus, ni na zauna da sunan ƙazama, baƙi kuma su ci a kwanukan nan. Na tura ranar, ko na kai wa surukarmu ta gani ita kaɗai alhali na san za ta binne maganar? Ku gaya min gaskiya, wadda aka taɓa yi wa irin wannan, yaya ta yi?