Akushin da Ya Koma a Rufe

Zuwa ga aminina Alhaji Mamman, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, Tanimu ne na Ruwan Godiya. Ka san ban iya rubutu ba. Ina zaune gaban mai rubuta wasiƙa yau ranar kasuwa, na ce mashi ya sa magana yadda ta fito bakina, kada ya gyara mani ko ɗaya.

Direbanka ya iso. Buhun shinkafa na karɓa, tunda don sadakar marigayiya matata Gambo ka aiko, ba zan hana ta lada ba. Amma saƙon da ya biyo baya, wai in tattara in komo gidanka ka riƙe ni, shi ne ban karɓa ba. Ba zan zo ba, Alhaji. Na san za ka ce taurin kan nan ne. Saurara dai.

Shekara nawa muna ciyayya a ƙofar zaurenka? Tun muna angwaye. Da an sallame magariba kowa ya fito da akushinsa, mu fara da naka mu ƙare da nawa. Shekarar da fari ya cinye gonarka, tuwon gidanka ruwa-ruwa yake fitowa. Muka riƙa cinye shi tas, muna yabon hannun maiɗakinka.

Sai kwangilar kwalbati ta same ka. Wallahi na yi murna, ni na fara shafa motar Fijon da ka saya da hannuna. Amma tabarma ta cika da baƙi masu agogo, shinkafa da kaji suna ta fitowa, akushina yana can gefe. Kwana uku a jere yana komawa gida ba a ko ɗaga faifan ba. Gambo, wadda ta daka dawar nan da kafaɗarta mai ciwo, ta buɗe ta duba, ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa.

Rana ta huɗu ka ce, kana dariya, "Tanimu, daina wahalar da baiwar Allah nan, ka riƙa zuwa haka nan, abinci ya yi yawa." Na san alheri ka nufa. Amma wanda ya zo ciyayya ba akushi ba abokin ci ba ne, ɗan cin arziki ne. Daga ranar na koma cin nawa a zaurena.

Mutane suka ce hassada ce. Kai ma ka yarda, har ka tashi Kaduna ba mu yi sallamar kirki ba. Ba zan ɓoye ba, damina biyu na yi ina ƙullace da kai. Gambo ce ta cire mani abin. Tana kwance ciwon ajali ta ce in yafe maka, ba ka sani ba ne. Na yafe, har zuciya.

Yafewa daban, komawa daban. In na zo, za a ba ni ɗaki kusa da ƙofa, a sa mani fanka, in baƙi sun tambaya a ce wani tsoho ne daga ƙauyen Alhaji. A nan ko ba komai sunana nake amsawa.

Kada ka ɗauka daɗi nake ji. Idona ya fara hazo. Samari duk sun tafi birni leburanci, rabin gonata ciyawa ta cinye. Ni kaɗai nake cin abinci. Cikin waɗanda aka yi mana kaciya tare kai kaɗai ka rage, kuma ban sa ran sake ganinka ba. Na san hanyar nan ta yi maka nisa, ko da yake kai ka zuba mata kwalbati.

Abu ɗaya nake roƙo. Likkafanina na riga na saya da kuɗin audugar bana, yana cikin adaka. In ka ji nawa ya zo, kada ka aiko da komai. In ƙafarka ta iya kawo ka, ka tsaya sahun gaba. In ba ta iya ba, ɗaga hannu daga nan inda kake ka ambaci sunana. Ya ishe ni.

Allah Ya ƙara maka buɗi, Ya jiƙan Gambo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba a yin aike.

Naka har kabari,
Tanimu. Ga dangwalen yatsana.