Hanya Uku Kafin Ka Ɗaure Kaya

Ya kai maigidana, inuwar da na shekara talatin da huɗu ina hutawa a ƙarƙashinta, sanyin idona, ruwan randa a tsakar zafi, tsohuwar zumar da nake magani da ita! Ya Agogo sarkin aiki, kamar yadda abokanka na masaƙa suka raɗa maka! Gaisuwa gare ka daga wadda ke kwana ɗaki ɗaya da kai amma sai da ta nemi takarda da biro kafin ta same ka. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a gidan tabarau ɗinka. Na san halinka: da na buɗe baki kan maganar nan sai ka ƙara muryar rediyo. To, takarda dai ba a ƙara mata rediyo.

Babban ɗanmu ya gyara mana ɗaki a can birnin da yake aiki, kai kuma ka amsa masa ba tare da ka dube ni ba. A ƙarshen watan nan mota za ta zo ta kwashe mu. Na ji abin da ka gaya masa a waya, ina tsaye da tire a hannu: “Garin nan ya mutu, ɗana. Tun ranar da jiniyar masaƙa ta yi shiru aka binne shi, mu ne dai ba mu tashi daga makabarta ba.” Wallahi maganar ta soke ni, abin ƙaunata. Ni ba na son tafiya. Ba na son in tsufa a saman bene ina leƙen motocin mutane, kai kana gefe kana juya tashar rediyo. Ina son garin nan, kuma ina son ka a cikinsa.

Amma yaushe ka ga garin da har za ka yi masa sallar gawa? Shekara ashirin da bakwai kana bin hanya ɗaya a kan keke, kai a sunkuye, ido a kan taya, kunne a wajen jiniya. Ka san kowane rami a titin masaƙa, amma da za a tambaye ka irin bishiyoyin da ke gefensa, sai dai ka sosa ƙeya. Shekara tara kuma tun da ka tarar da ƙofar masaƙa da kwaɗo da takarda a manne, ba ka sake bi ta wajen ba. Ko kasuwa za ka, sai ka zagaya ta bayan makaranta, tafiyar minti goma ta koma ta awa guda, wai kana motsa jini. Ni kake gaya wa motsa jini?

Ka tuna ranar da kaca ta zame mana a bakin rafi? Muna sabon aure, ka goya ni a kariya za mu gaida iyayena. Ranar hutu ce, babu mai jiranmu da agogo, amma kana taka feda kamar an biyo mu da sanda. Na ce ka tsaya in ga ruwa, ka ce za mu makara. Sai Allah ya ji kukana, kacar ta faɗi. Ka durƙusa kana ƙunƙuni, ni kuwa na zauna kan dutse ina kallon rafi yana gudu jajir, don ran nan jan rini aka zubar daga masaƙa. Da ka gama, ka ɗago, ka dube ni kamar ranar ka fara ganina. Ka kai hannu za ka gyara mini mayafi, ka bar mini shaidar yatsu huɗu na baƙin mai. Ka ce: “Ashe haka kike in mutum ya tsaya.” Kalma bakwai! Da su na yi ta cin abinci shekara da shekaru. Mayafin yana ƙasan akwatina, ban taɓa yarda sabulu ya taɓa wurin ba.

To, yau ga asirina, hasken zuciyata, ka zauna da kyau. Na iya keke! Eh, ni, da jikoki biyar da gwiwar da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Wata uku ke nan duk safiyar da na ce maka na tafi duba ƙanwata, rabin gaskiya na faɗa. Tsohuwar nas ta asibitin ma'aikata ce ta tara mu, mu shida, har da matar marigayi maigadin masaƙa. Kekunan kuwa a wajen Dogo mai walda muke karɓa, abokinka na sashen tukunyar tururi, wanda ya mayar da tsohon ɗakin awo na masaƙa wurin hayar kekuna. Ranar farko na faɗi sau huɗu. Nas ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu ta ce: “Tashi, Yaya, haihuwa shida ba ta kayar da ke ba sai ƙarfe mai ƙafa biyu?” Na tashi.

Na san abin da za ka ce, don na sha jin sa. Duk lokacin da masu yawo a keke da hular kwano suka wuce ta ƙofar gida suna kaɗa ƙararrawa, sai ka tsuke baki ka ce: “Keke ba abin wasa ba ne. Wanda ya hau keke ba inda za shi, aikin yi ne ya rasa.” Haba, Agogo! Kai da ka bauta wa keke kamar jaki, ba ka cancanci ya ɗauke ka yawo ko sau ɗaya ba?

Hanya uku aka fitar wa masu keke, kowacce da kibiyar fenti a jikin turaku. Mai koren fenti tana bin rafin nan namu. Ba ja, ba shuɗi, ba warin rini. Ruwa garau, kana hango tsakuwa a ƙasa da ƙananan kifaye suna wasa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran albashi. Dutsen da na zauna yana nan, na gane shi. Mai shuɗin fenti tana bin tsohon layin dogon da ake shigo da auduga. An cire ƙarafan, an daddaɓe ƙasa ta yi sumul, bishiyoyi sun haɗe kai a sama har rana sai ta nemi izini kafin ta shigo. A can ne na fara sakin hannu ɗaya, na yi ihu kamar yarinya, matar maigadi ta ce in rufa wa kaina asiri.

Ta ukun ita ce mai jan fenti. Tana hawa tudun bayan kwatas ɗin ma'aikata, inda in ka tsaya za ka ga garin gaba ɗaya a tafin hannunka: rufin gidanmu, makarantar da yaranmu suka yi, lambunan da mutane suka shuka a filin da ake jibge gawayi, da dogon bututun hayaƙi wanda yanzu tsuntsaye suka mayar gida. Daga nan sai gangara, doguwa, miƙaƙƙiya, ba ta tsayawa sai a ƙofar masaƙa. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka ranar da na fara isa wurin. Ƙofar a buɗe take yanzu, babu kwaɗo. Akwai benci a inda kuke jingine kekuna, tsofaffin abokanka suna zama suna shan shayi suna musun wanda ya fi iya aiki a zamaninsa. Dogo ya ce mini: “Gaya wa Agogo mun gaji da yabonsa a bayan ido. Ya zo ya ƙaryata mu.”

Kuma na san za ka zo. Ka san yadda na sani? Kekenka da ka rataye a ɗakin ajiya ka ce ka gama da shi har abada, me ya sa kacarsa take sheƙi? Wa yake shan man keken ɗinkina, har kwalba ta kusa ƙarewa ni ban ɗinka komai ba? Wa ya yi wa tayar baya faci a watan jiya, ya ɓoye robar a bayan buhu? Ruwa ba ya tsami banza, masoyina. Mutumin da ya haƙura da hanya ba ya ba taya iska.

Ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka abu mai nauyin wannan ba. Ka ba ni safiyar Asabar. Mu bi rafi, mu bi layin dogo, a hankali, kai a ɗage, ba mai kiran mu. Sannu ba ta hana zuwa. Gani ya kori ji: in ka gani da idonka ka ce har yanzu gawa ce, na rantse ni zan fara naɗe katifa, in bi ka birni ko bayan birni, ba za ka ji ko tsaki daga bakina ba. Inda ka sa ƙafa nan ne garina. Amma ba zan yarda ka bar wurin da ba ka taɓa kallo ba.

Saura abu ɗaya, shi ne na bari a ƙarshe don kunya. Na iya hawa, na iya tafiya, amma ban iya tsayawa a gangara ba. Da keke ya ɗauki gudu sai yatsuna su manta inda birki yake, in rufe ido in kama salati. Kullum nas da matar maigadi ne suke riga ni sauka, su tsaya a bakin ƙofar masaƙa su cafke ni kamar buhun gero. Ran Asabar na ce su yi zamansu a gida. Nas ta ce na haukace, na ce mata ina da miji.

Saboda haka in mun kai kan tudu, kai za ka fara gangarawa. Ka jingine kekenka, ka tsaya a tsakiyar ƙofar nan da ka shekara tara kana gudu, ka buɗe hannuwanka. Zan ƙirga ɗari in sako kaina. In ka tsaya nesa da ita ko da taku goma ne, katanga ce za ta tare ni, kuma kai za ka yi wa 'ya'yanka bayani.

Taka har numfashi ya ƙare, wadda ta hau da ƙarfin halinta amma ba ta da wurin sauka sai hannunka,

Uwar 'ya'yanka.