Hagun da Ya Ɓace Maka

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙani zuwa ga yayansa, ko da yake inda kake yanzu ba a amsa sallama. Na san mutanenmu na unguwar Guillotière a Lyon za su karanta wannan, don haka bari in tambaya a gabansu: cikinsu wa ya taɓa tambayarka me kake gani?

Ka tashi daga ciwon kan nan da ya kwantar da kai, ka je kantin Alhaji Idi sayen gero. Kujerar Alhaji tana hagun ƙofa, nan dattawa ke zama. Ya miƙo maka hannu, ka wuce. A gaban jama'a. Kafin Juma'a ta zagayo, kaf Lyon an ji cewa ɗan Damagaram ya samu takardun Faransa, ya fi ƙarfin gaisuwa.

Ka rantse ba ka gan shi ba. Suka ja ka wajen mai tabarau, ka karanta haruffan allo har ƙananan ƙasa. Shi ke nan, aka ƙara maka sunan maƙaryaci. Aka daina kiranka suna da walima. Wa zai zauna da mai raina manya?

Idan na zo daga Paris, sai in tarar da kai kaɗai a ɗaki, kafaɗarka ta hagu duk tabon karo da ƙofa. Ka kifar da kofin shayi, ka yi dariya. Ka ce mini ba duhu kake gani ba, wajen ne kawai babu shi, kamar bayan ƙeyarka.

Ranar da ka fita kai kaɗai, tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ta hagu ya zo ya buge ka.

Likita ne ya fara ce mini akwai tsohon rauni a ƙwaƙwalwarka. Ni ban yi nisa a karatun lakwal ba, ka sani. Amma na tare a ɗakin karatun unguwarmu a Clichy, da ƙamus a gefe, har na gane. Ido ƙofa ne kawai, Yaya. Jijiyoyin gani suna fitowa daga idanu biyu, su haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, rabinsu su ƙetare, sannan su nufi ƙeya. Duk abin da ke hagun mutum, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke karɓarsa. Can jini ya toshe maka. Idanunka lafiya lau, rabin duniya ne ya ɓace, kuma Alhaji a cikin rabin nan yake zaune.

Da ɗaya cikinsu ya riƙa tafiya ta hagunka! Abin da kake buƙata ke nan. Mutum ɗaya.

Yanzu in na shiga jirgin metro, nakan bar wa wani gefen dama, in tsaya inda da zan tsaya maka. Ba ni da wanda zan faɗa wa abin da na karanta sai kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka dama da hagu, Ya sa ka ga Inna da idanu cikakku.

Amma Alhaji Idi, a bainar jama'a ka ɓata sunansa, a bainar jama'a nake son gyara. Juma'a mai zuwa ina ƙofar kantinka bayan salla. Ka faɗa kowa ya ji: Hamisu ya raina ka, ko bai gan ka ba?

Ƙaninka,
Nasiru