Sale Ya Zo Neman Maganin Ciwon Baya

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta, yaya yara da mutanen Fagge? Shekara shida ke nan rabona da gida.

Makon jiya Sale ɗan Kawu, mai dakon Sabon Gari a da, ya zo Ingila neman maganin ciwon baya. Yanzu dilan siminti ne, har da Marsandi. A asibitin da nake koyar da aikin gashin ƙashi, ni na gasa masa bayan a gaban ɗalibaina, yana cewa, "Malam, har yanzu bokon?" Abin ya ci mini rai, amma guminsa yake ci, na ga yadda buhu ya yi da ƙashinsa.

Ya ce zai kai Inna Makka bana. Ku bar shi ya kai ta. A gaida kowa, a yi mini addu'a. Ni abin da na tara fam casa'in ne.

Ƙaninka,
Musa